Shin adalci ne a raba kotuna daidai wa daida tsakanin shiyyoyin jiha?

Wani magidanci daga wata ƙaramar hukuma mai nisa da babban birnin jiharsu ya aiko mini da tambaya mai ɗauke da ƙorafi. Ya ce shari'ar gonar gidansu ta kai gaban Babbar Kotun Jiha, kuma duk ranar zama sai ya baro gida da asuba, ya biya wa kansa da shaidunsa kuɗin mota, ya iso birni, sau da yawa a ce masa an ɗage. Tambayarsa ita ce: tunda kowace jiha tana da shiyyoyin sanata uku, me zai hana a raba alƙalan Babbar Kotu gida uku daidai wa daida, ko ma a bai wa kowace ƙaramar hukuma alƙalinta, kowa ya huta?

Malam, na gode da wannan tambaya, kuma ƙorafinka yana kan hanya. Na shafe shekaru ina aikin lauya a kotunan Arewa, na ga irin wahalar da kake faɗa da idona, don haka ba zan raina ta ba. Sai dai maganin da ka kawo ba zai warkar da ciwon ba, kuma a wasu wuraren ƙara shi zai yi. A ganina ba a auna adalcin rabon kotuna da yawan gine-gine ko yawan alƙalan da kowace shiyya ta samu. Ana auna shi ne da abin da mai ƙara yake biya kafin a saurare shi, wato nisan da yake takawa da kuma tsawon lokacin da yake jira. Mutumin karkara yana biya da tafiya, mutumin birni yana biya da jira, kuma rabon da ya rage wa ɗaya ta hanyar jibga wa ɗayan bai zama adalci ba.

Ya kamata ka fara sanin wanda ke riƙe da wuƙa da nama, domin mutane da yawa suna kai kukansu inda ba a nan maganin yake ba. Sashe na 270 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce kowace jiha za ta kasance da Babbar Kotu guda, wadda ta ƙunshi Babban Joji da adadin alƙalan da dokar Majalisar Dokokin jihar ta ƙayyade. Ke nan Babbar Kotu ɗaya ce a jiha, shiyyoyin da ake yanka mata kuwa tsari ne na sauƙaƙa aiki, wanda dokar jiha da umarnin Babban Joji suke tafiyar da shi, kuma Babban Jojin ne ke tura alƙali shiyya, ya kuma raba musu shari'o'i. Naɗin alƙalin Babbar Kotu yana hannun gwamna, amma bisa shawarar Hukumar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa, wato NJC, wadda ta hannunta albashin waɗannan alƙalai yake fitowa daga asusun tarayya. Saboda haka gwamna ba ya iya wayar gari ya naɗa alƙalai goma don ya ga dama, kuma hukumar takan duba ko jihar ta tanadi ɗakin shari'a da masauki da mota kafin ta amince a ƙara mata. Su kuwa alƙalan majistare da na kotunan shari'ar Musulunci na ƙasa, Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta Jiha ce ke ɗaukarsu, kuma jihar ce ke biyansu. Ka riƙe wannan bambancin, domin zan dawo kansa.

Yanzu mu gwada shawararka a kan jiha ta gaske. Ɗauki Kano, mai ƙananan hukumomi 44, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum fiye da miliyan 9. Ƙananan hukumomi takwas na cikin birni da kewayensa, wato Birni, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Ungogo da Kumbotso, su ne ke ɗauke da Kantin Kwari da Sabon Gari da Singa, da masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa, da bankuna, da ma'aikatun gwamnati, da mafi yawan filayen da ke da takardar mallaka ta gwamna. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta keɓe wa Babbar Kotu ita kaɗai shari'ar filin da gwamna ya ba da takardarsa, alhali gonar karkara da ke ƙarƙashin mallakar gargajiya ƙaramar kotu ma tana iya sauraron rikicinta. Ma'ana, ita kanta doka tana tura shari'o'in birni zuwa Babbar Kotu ta hanyar da ba ta tura na ƙauye. Idan aka bai wa kowace ƙaramar hukuma alƙali ɗaya, na Fagge zai nutse cikin fayil har ya kasa ɗaga kai, yayin da wani a gefen jihar zai gama jerin shari'o'insa na yini kafin hantsi ya dubi ludayi. An raba daidai a takarda, amma ɗan kasuwar da ke bin bashi a Kwari zai jira shekaru kafin a kira shari'arsa.

To amma kishiyar wannan ma zalunci ce, kuma ita ce ta same ka. Idan aka bi yawan shari'o'i kaɗai, kusan dukkan alƙalai a babban birni za su tare, mutumin Doguwa da ke can bakin iyakar Kaduna da Bauchi ya riƙa kwana a hanya saboda zaman minti goma. A jiha kamar Neja, wadda ta fi kowace faɗin ƙasa a Najeriya da fiye da murabba'in kilomita 76,000, tazarar da ke tsakanin Borgu da Minna kaɗai ta isa ta sa talaka ya haƙura da haƙƙinsa. A nan ne alƙaluman kotu suke yaudarar masu tsari. Rijistar kotu tana ƙirga wanda ya shigar da ƙara, ba ta ƙirga wanda ya lissafa kuɗin mota da na abinci da na kwanan shaidu ya ga sun fi ƙarfin gonar da ake rigima a kanta, ya koma gida ya bar wa Allah. Sai a duba littafi a ce yankin nan ba shi da shari'o'i da yawa, ba ya buƙatar kotu, alhali rashin kotun ne ya hana shari'o'in bayyana. Na sha ganin an buɗe kotu a garin da ake cewa babu aiki, kafin shekara ta zagayo rijistarta ta cika.

Shi kansa tsarin mulki ya amince cewa nisa yana taɓa 'yancin mutum kai tsaye. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama dole a kai shi gaban kotu cikin yini ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a cikin tazarar kilomita 40, idan kuwa babu, cikin kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. Ka ga ke nan mutum biyu da aka kama bisa zargi iri ɗaya, ɗaya zai iya kwana a tsare fiye da ɗayan ba don komai ba sai don inda gwamnati ta ajiye kotu. Ni da za a tambaye ni, wannan tazara ta kilomita 40 ita ce ya kamata kowace jiha ta ɗauka a matsayin mafi ƙarancin haƙƙi ga ƙananan kotuna, ko da kuwa kotun ba za ta cika da aiki ba, kamar yadda ba a rufe asibitin ƙauye don gadajensa ba su cika ba.

Abin da ya rage bayan an tabbatar da wannan mafi ƙarancin haƙƙi shi ne a raba sauran alƙalai bisa nauyin aiki, kuma a nan ne aka fi yin kuskure, domin nauyin aiki daban, yawan fayil daban. A ƙaddara, a matsayin misali kawai, alƙalai biyu, ɗaya yana da fayil 600, ɗayan yana da 200. Duk wanda ya ji zai ce na farko ne ake zalunta. Amma idan mafi yawan na farkon bashi ne da wanda ake ƙara bai musa ba, da roƙon beli, da shari'o'in da masu su suka daina zuwa, na biyun kuwa kisan kai ne da fashi da makami da garkuwa da mutane da rikicin fili mai shaidu goma sha, to na biyun ne ke ɗauke da dutse. Shari'ar kisa guda ɗaya, wadda ake tuhumar mutum biyar, kowa da lauyansa, kowane lauya zai yi wa kowane shaida tambayoyi, sannan a tsaya a yi ƙaramar shari'a a cikin shari'a don gano ko da yardar wanda ake tuhuma ya yi furucin da 'yan sanda suka rubuta, tana iya cin lokacin da ƙananan ƙararraki hamsin ba za su ci ba. Ga shi kuma a kotuna da yawa har yanzu alƙali ne ke rubuta kowace kalma da hannunsa, shaida ya faɗi jimla, tafinta ya juya ta daga Hausa zuwa Turanci, a dakata alƙali ya rubuta, sannan a ci gaba. Wanda ya taɓa zama ya kalli wannan na awa uku ya san dalilin da ya sa shaida ɗaya yake cinye yini.

Akwai hanyar auna wannan nauyi, kuma ba sabuwa ba ce. Jihohin Amurka da dama sun daɗe suna amfani da ita da taimakon wata cibiyar kotunan jihohi ta ƙasar da aka kafa a 1971. Ana sa alƙalai su rubuta lokacin da suke kashewa a kan kowane irin aiki na tsawon wasu makonni, har da karatun fayil da rubuta hukunci a gida, sai a fitar da matsakaicin mintocin da kowane nau'in shari'a yake ci. A ninka wannan da yawan irin shari'ar da ake shigarwa a kowace shiyya a shekara, a raba da lokacin da alƙali ɗaya yake da shi bayan an cire ranakun hutu da tafiye-tafiye da aikin ofis, sai adadin alƙalan da shiyyar take buƙata ya fito. Jihar Kansas ta yi irin wannan awo a 2011, kuma labarinta ya yi kama da tambayarka ƙwarai, domin dokarta ta wajabta a ajiye aƙalla alƙali ɗaya a kowace gunduma daga cikin gundumominta 105. Awon ya nuna wasu kotunan birane suna fama da ƙarancin alƙalai yayin da wasu na karkara suke da rara, kwamitin da Kotun Ƙolin jihar ta kafa ya ba da shawarar a soke wannan doka, amma wakilan karkara a majalisa ba su yarda ba. Ban ga laifinsu gaba ɗaya ba, domin suna tsoron ranar da alƙali ya bar garin ba zai sake dawowa ba. Abin da na ɗauka daga wurinsu shi ne lissafi yana nuna inda nauyi yake, amma ba ya yanke wa al'umma irin nisan da za ta amince talakanta ya riƙa takawa.

Mu a nan ba mu rasa kayan yin wannan awo ba. Kowane alƙalin Babbar Kotu yana aika wa hukumar NJC rahoton shari'o'insa duk bayan wata uku, kuma kowace rijista tana da littafin shigar da ƙara. Matsalar ita ce an fi amfani da rahoton wajen ƙirga hukuncin da alƙali ya yanke, kuma idan ana yaba wa mutum bisa yawan fayil da ya rufe, ba sai an gaya masa ya fara da masu sauƙi ba. Masu nauyin su ne ke komawa ƙasan tulin, kuma mafi yawansu shari'o'in mutanen da ke tsare ne. Shekaru da dama ke nan kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen gyaran hali a ƙasar nan masu jiran shari'a ne. Da yawa daga cikinsu an kai su gaban majistare ne bisa laifin da ba shi da hurumin saurara, ya ba da umarnin tsarewa, fayil ya tafi Ma'aikatar Shari'a neman shawara, daga nan kuma a jira gurbi a Babbar Kotu. Na taɓa karɓar shari'ar wani matashi da ya shafe fiye da shekara biyu a tsare, da na bi diddigi sai na tarar babu alƙalin da ya ƙi sauraronsa, motar da za ta kawo shi daga gidan yari zuwa garin da kotun take ce ba ta samun mai a ranakun zamansa. Mahaifiyarsa ba ta taɓa fashin zuwa ba, takan zauna a bencin baya da ƙullin abinci a cinyarta har a tashi kotu, ta koma da shi. Duk wanda zai yanka shiyyar kotu bai duba inda gidan yari yake ba, da inda ofishin lauyoyin gwamnati yake, da inda likitan da zai ba da shaida yake aiki, to ya gina ɗaki ne kawai.

Akwai kuma abubuwan da ke ɓata rabon ko da an yi shi da kyau. Bayan kowane babban zaɓe ana kwashe alƙalan Babbar Kotu zuwa kotunan sauraron ƙararrakin zaɓe, waɗanda tsarin mulki ya ba su kwana 180, kuma shiyyar da alƙali ɗaya gare ta takan zauna kusan a rufe tsawon wannan lokaci, alhali a birni abokan aikinsa za su iya karɓar abin da ya fi gaggawa. Sauyin wurin aiki ma yana da nasa tsadar, domin alƙalin da bai ji shaidu da kunnensa ba ba ya yanke hukunci a kansu, sai a faro shari'ar daga tushe idan ba a ba wa na farkon izinin komawa ya ƙarasa ba. Idan kuwa girma aka ƙara masa zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, hanyar komawar ma ta toshe, kamar yadda Kotun Ƙoli ta nuna a watan Mayun 2020 lokacin da ta soke shari'ar da aka yanke wa tsohon gwamnan Abiya, Orji Uzor Kalu, hukunci a cikinta saboda alƙalin ya dawo ya ƙarasa ta bayan an ɗaga shi. Wannan ne ya sa nake ganin shiyya mai alƙali ɗaya tal ba gata ba ce ga mutanenta, kuma gara a haɗa ƙananan hukumomi huɗu ko biyar a ba su alƙalai biyu ko uku da a warwatsa su ɗaya-ɗaya.

Game da shiyyoyin sanata da ka ambata, an zana su ne don wakilci a majalisa, ba don zirga-zirgar masu ƙara ba. Sau da yawa gari yana cikin wata shiyya a siyasance, amma kasuwarsa da titinsa da tashar motarsa duk suna fuskantar wani gari ne a wata shiyyar. Iyakar kotu hanyar mota ya kamata ta bi, a tambayi direbobin tasha ina mutane suke zuwa cikin sauƙi, kuma wace gada ce ke yankewa da damina. Inda daidaito tsakanin shiyyoyi yake da hurumi shi ne wajen zaɓen mutanen da za a naɗa alƙalai, domin sashe na 14 ya buƙaci hukumomin jiha su nuna bambancin al'ummar da ke cikinta. Asalin alƙali abu ne daban da inda kujerarsa za ta zauna, kuma cakuɗa su biyun ne ke haifar da kotun da aka kai mahaifar wani babba don a faranta masa, ta zama ba ta da aiki sai sharar tsakar gida.

Yanzu bari in dawo kan bambancin da na ce ka riƙe. Mafi yawan 'yan Arewa ba su taɓa taka Babbar Kotu ba kuma ba za su taka ba, shari'arsu ta aure da saki da ciyarwa da gado da bashi da iyakar gona a kotun shari'ar Musulunci ko ta yanki ko gaban majistare take ƙarewa. Waɗannan kuwa jiha tana da cikakken ikon ƙara su ba tare da jiran Abuja ba, kuma nan ne kuɗi kaɗan yake yin aiki mai yawa: ƙwararren alƙali, magatakarda mai rubuta bayanin zama yadda ya kamata, da babur ga mai kai sammaci. Shari'o'i da yawa da ke hawa sama a ɗaukaka ƙara suna hawa ne saboda an yi kuskure a ƙasa, ko an kasa haɗa kwafin bayanin shari'ar cikin lokaci. Haka kuma rage cunkoson birni yana 'yanta alƙalan da za a iya turawa karkara. Legas ta buɗe zauren sasanci na kotu a 2002, ta kuma kafa kotun ƙananan basussuka a 2018 don ƙararrakin da ba su wuce naira miliyan 5 ba, da nufin a gama su cikin kwana 60, Kano ma ta bi sahu a 2019. Duk bashin da aka warware a can gurbi ne aka buɗe wa wata shari'ar. Sai dai komai ya dogara ga sakin kuɗi, kuma ka tuna ma'aikatan kotuna sun rufe kotunan ƙasar nan fiye da wata biyu a 2021 a kan neman gwamnoni su bi sashe na 121 da ya ce a miƙa kuɗin ɓangaren shari'a kai tsaye ga shugabannin kotuna.

Ga yankinku kuwa, abin da nake ganin ya fi kusa da samuwa shi ne zaman zagaye, wato Babban Joji ya ware alƙali ya riƙa zuwa garinku mako ɗaya a kowane wata ko wata biyu, a tara masa shari'o'in yankin, tare da ƙaramar rijista ta dindindin inda za a shigar da takardu a kuma ji ranar zama ba tare da zuwa birni ba. Wannan ba ya buƙatar sabon naɗi, kuma shi ne zai nuna a cikin shekara biyu ko uku ko aikin yankin ya kai a ba shi shiyya tasa. Ku haɗa kai da reshen ƙungiyar lauyoyi mafi kusa da ku da ɗan majalisarku na jiha da hakimanku, ku rubuta wa Babban Joji, kuma kada takardar ta tsaya a kan cewa maƙwabtanku sun samu ku ba ku samu ba. Ku lissafa shari'o'in mutanen yankinku da ke gaban Babbar Kotu yanzu da lambobinsu, da 'ya'yanku da ke tsare suna jiran shari'a da tsawon zaman kowannensu, da kilomitocin da ke tsakaninku da kotun, da kuɗin mota zuwa da dawowa, ku kuma nuna ginin da ƙaramar hukuma za ta iya bayarwa. A taka shari'ar kuma, ka sa lauyanka ya roƙi kotu ta ware rana guda ta musamman don a ji shaidunka gaba ɗaya, ya faɗa wa alƙali nisan da suke tahowa, sannan ya riƙa tuntuɓar magatakarda ana gobe zama don ya tabbatar kotu za ta zauna kafin ku kama hanya.